Shafinka Ne, Amma Wa da Wa Ke Riƙe da Makullinsa?

A farkon Afrilun 2018, mutum kusan 50 suka tuntuɓi bankin Monzo na Birtaniya a rana guda, kowa da kuka iri ɗaya: an cire masa kuɗi a kati ba da saninsa ba. Ma'aikatan bankin suka bi sawun inda waɗannan mutane suka yi sayayya a watannin baya, sai ga shi kashi 70 cikin ɗari sun taɓa biyan kuɗi a wuri ɗaya, shafin Ticketmaster, kamfanin da ke sayar da tikitin shiga wasanni da bukukuwan mawaƙa. Bankin ya kai ƙorafi. Kamfanin ya bincika, ya dawo ya ce bai ga alamar kutse ba.

Ashe a gefen shafin akwai ɗan akwatin hira, irin wanda ke faɗowa yana tambayarka ko kana bukatar taimako. Wani kamfani daban mai suna Inbenta ne ya ƙera shi, kuma a kwamfutocinsa yake ajiye. Ticketmaster ya liƙa akwatin a shafukansa, har da na biyan kuɗi. Masu kutse suka shiga wajen Inbenta, suka ƙara 'yan layuka a cikin kod ɗin, shi ke nan. Duk wanda ya zo rubuta lambar katinsa, akwatin na gefe yana kwashewa yana aika musu. Sai a watan Yuni aka cire shi. A Nuwamban 2020 hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya, ICO, ta ci Ticketmaster tarar fam miliyan 1.25, ta ce bayanan mutum miliyan 9.4 ne a Turai suka shiga haɗari. Inbenta kuwa cewa ya yi ba a gaya masa an sa kod ɗin a shafin biyan kuɗi ba, da an nemi shawararsa da ya hana.

Labarin manyan kamfanoni ne, amma aikin da ya jawo shi ana yin irinsa kullum a Kano da Kaduna da Abuja. Hajiya mai sayar da atamfa da turaren wuta ta buɗe shafin intanet, ta kira yaron da ke haɗa mata ta ce, "Ɗan nan, a sa mini maɓallin WhatsApp, a sa wajen biyan kuɗi, a kuma sa abin nan da ke ƙirga masu shigowa." Ya ce, "An gama, Hajiya." Kafin la'asar kuwa an gama ɗin. Abin da ba a faɗa mata ba shi ne, kowane ɗaya cikin ukun nan kayan wani ne, yana zaune a kwamfutar wani, a ƙarƙashin sharuɗɗan da wani ya rubuta kuma yake iya canzawa gobe. Tamkar mai shago ne da ya yanka makulli ya miƙa wa mutum uku. Ba laifi ba ne, don ba a kasuwa mutum ɗaya. Laifin shi ne a manta wa aka ba, da kuma ɗakin da makullinsa ke buɗewa.

Dandali ba ya zuwa da komai

WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, shi ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a ƙididdigar W3Techs. Amma in ka girka shi tsurarsa, wajen rubutu da sa hoto kawai za ka tarar. Ba ya sayar da kaya, ba ya karɓar kuɗi, ko fom ɗin da baƙo zai cike ya aiko maka saƙo babu. A 2004 aka buɗe hanyar da kowa zai iya rubuta 'yar manhaja ya jona masa, abin da masu sana'ar ke kira fulogin, kuma yau akwai kusan 60,000 na kyauta a rumbunsa. WooCommerce, wanda ke mayar da WordPress kanti, shi kansa fulogin ne da ya fito a 2011, kafin kamfanin Automattic na Mullenweg ya saye shi a 2015. Shopify na Kanada ya buɗe tasa kasuwar manhajoji a 2009, Wix na Isra'ila ya biyo baya a 2012.

Dalilin a fili yake. Kamfanin da ke Ottawa ko Tel Aviv ba zai zauna ya koyi yadda ake biyan kuɗi da katin Verve, ko USSD, ko taransifa ba. Tsarin karɓar kuɗi na Shopify kansa ba ya aiki ga ɗan kasuwar Najeriya. Da ba don Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, da Flutterwave da ya zo a 2016, da ire-irensu ba, da shafin ɗan Kantin Kwari ya zama wajen kallon hoto kawai. Wannan ma ya sa tun kafin a zaɓi dandali ya kamata a fara tambayar wace hanyar biya yake karɓa. Squarespace, alal misali, yana da kyan gani ƙwarai, amma ya gina karɓar kuɗinsa a kan Stripe da PayPal da nasa tsarin, babu Paystack a jerin. Mutane da yawa sai sun gama ƙawata shafi suke gano haka. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram kuwa nasa lissafin daban ne, don Paystack yana aiki a Ghana da Kenya da Afirka ta Kudu da Kwaddibuwa, amma bai isa Nijar ba.

Ana jona kayan wani a shafi ta hanyoyi kamar uku. Mafi sauƙi ita ce ta kasuwar dandalin: ka nemo manhajar, ka danna "girka", allo ya fito da jerin abin da take son a ba ta izni a kai, ka amince. Wannan allon shi ne wurin da ya fi cancanta a tsaya a karanta, kuma shi ne wanda kowa ke tsallakewa. In manhajar da aikinta kawai nuna agogon rangwame ne ta nemi ganin sunayen kwastomomi da adireshinsu, akwai abin tambaya. A WordPress ma ko allon babu: duk fulogin da ka kunna yana da ikon da WordPress ɗin kansa yake da shi, zai iya karanta komai, ya goge komai.

Hanya ta biyu ita ce a kwafo 'yan layukan kod daga wajen mai kayan a liƙa a kan shafi, yadda ake yi da Google Analytics da Meta Pixel da akwatunan hira. Wix da Squarespace suna da wurin da aka tanada don haka, sai dai ba a samunsa a tsarin kyauta ko mafi arha. Layukan da aka liƙa ba su ne kayan ba, umarni ne ga wayar baƙo cewa ta je wuri kaza ta ɗauko duk abin da ta tarar ta aiwatar. Abin da ke can yau ba lallai shi ne zai kasance gobe ba, kuma mai shafi ba zai ga canjin ba. Ta nan aka shiga Ticketmaster.

Ta uku ita ce ta mabuɗi, inda shafinka da kamfanin can ke magana kai-tsaye tsakaninsu. A nan kuɗi yake, don haka a nan za mu ɗan zauna.

Ranar da aka jona Paystack

A ce shafin Hajiya a kan WordPress da WooCommerce yake. An buɗe asusu a Paystack, an ba da BVN da katin shaida da lambar asusun banki, ko takardun rajistar CAC in kamfani ne. An girka fulogin ɗin Paystack. Yanzu a allon gudanarwa na Paystack, a sashen saituna, akwai mabuɗai huɗu, dogayen jerin haruffa da lambobi. Biyu na gwaji ne, suna farawa da pk_test da sk_test. Biyu na gaske ne, pk_live da sk_live. Masu farawa da pk na fili ne, ba komai in an gan su. Masu farawa da sk na sirri ne, kuma duk wanda ya riƙe sk_live zai iya magana da Paystack da sunan Hajiya: ya ga bayanan waɗanda suka biya ta, ya mayar wa mutane kuɗi, ya yi abin da ba ta sa shi ba. Duk da haka za ka ga an ɗauki hotonsa an tura ta WhatsApp, wani lokacin ma a zauren da ke da mutum goma. In hakan ta riga ta faru, akwai maɓallin da ke soke tsohon mabuɗi ya fitar da sabo, kuma danna shi ba ya cin minti biyu.

Da na gwaji ake farawa. Paystack ya tanadi lambobin katin ƙarya, akwai wadda ke farawa da 4084, wadda za ka saya da ita kamar gaske ba tare da ko kwabo ya motsa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama gwaji a manta ba a sauya zuwa na gaske ba. Shafi ya buɗe, an yi talla, mai saye ya sa katinsa na gaske an ƙi karɓa, ya yi tsaki ya tafi, kuma ba zai kira ya gaya maka ba.

Sai kuma wani ɗan akwati da ke ƙasan mabuɗan, wanda aka rubuta Webhook URL a kansa. Mutane da yawa suna barinsa fanko saboda ko ba shi biya na tafiya. Ga amfaninsa. Mai saye ya danna biya, an kai shi wajen Paystack, banki ya turo masa lambar OTP, ya sa, kuɗi ya fita. A ƙa'ida wayarsa za ta dawo da shi shafin Hajiya ta ce an biya. To in a daidai wannan daƙiƙar datarsa ta ƙare fa, ko sabis ya ɗauke, ko ya ga alat ɗin banki ya rufe shafin? Kuɗi ya isa Paystack, amma shafin bai ji labari ba, oda tana nan a "ana jiran biya". Washegari sai kira: "Hajiya, na biya tun jiya, har an cire mini, ban ga kaya ba." Ita kuma ta duba ta ga ba a biya ba, kuma da yake an sha yi wa 'yan kasuwa alat na bogi, sai zargi ya shiga tsakani. Adireshin da ake sawa a wancan akwati shi ne hanyar da Paystack zai sanar da shafin da kansa, ba tare da ya dogara da wayar mai saye ba. In ya aiko bai samu amsa ba, zai yi ta maimaitawa har tsawon sa'o'i 72. Fulogin ɗin yana nuna adireshin a shafin saitinsa, kwafowa kawai za a yi a liƙa. A ganina, a ƙasar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, duk wanda ya miƙa shafin kanti bai cike wannan akwati ba bai gama aikin da aka biya shi ba.

Masu rubuta kod da hannu suna da nasu ramin: Paystack da kwabo yake lissafi. Kayan naira 5,000 sai an aika 500000. Wanda ya aika 5000 ya sayar a kan naira 50.

Akwai kuma lissafin da ya kamata a yi tun kafin a sa farashi. A farashin da Paystack ya daɗe yana wallafawa, yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100 a kan biyan cikin gida, ana yafe ɗarin in kuɗin bai kai 2,500 ba, kuma jimillar ba ta wuce naira 2,000. A kan atamfar naira 20,000, an cire 400 ke nan. In shafin a Shopify yake a ƙaramin tsarinsa, shi ma zai ɗauki kashi 2 cikin ɗari saboda ba da tsarin biyansa aka yi amfani ba, alhali shi ne bai kawo tsarin Najeriya ba. Wata 400 ɗin ta tafi.

Ƙananan abubuwa masu cin rai

Maɓallin WhatsApp ba ya bukatar fulogin ko kaɗan. Mahaɗi ne kawai: wa.me, sai lambar waya da 234 a gaba, ba tare da sifilin farko ba, ba alamar tarawa, ba tazara. Wanda ya bar sifilin, maɓallinsa zai yi kyau a ido amma ba zai kai kowa ko'ina ba. Abin mamaki, akwai fulogin da yawa da aikinsu ke nan kacal, kuma ana girka su.

Imel ya fi wannan wayo. Fom ɗin tuntuɓa zai ce "an aika", amma saƙon bai isa ba, ko ya faɗa cikin tarkacen da ba a dubawa. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara: suna son shaidar cewa mai aiko saƙo da sunan shafi kaza yana da izni daga mai shafin. Ana ba da shaidar ne ta wasu layuka, SPF da DKIM, da ake sawa a wajen kamfanin da aka yi rajistar sunan shafin. Aikin minti goma ne, in har an san wa ke riƙe da kalmar sirrin wajen. Za mu dawo kan wannan.

Sai wata matsala da ta shafe mu mu kaɗai da 'yan uwanmu masu haruffa irin namu. Yawancin samfuran haruffa masu ƙayatarwa da dandalin ke bayarwa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ka rubuta "ƙarin bayani", sai ƙ ɗin ta fito da wani fasali daban kamar baƙuwa a tsakiyar kalma, ko ta zama ɗan akwati. Ko da shafin ya yi daidai, manhajar da ke buga rasit ko akwatin hira na iya zuwa da nata haruffan. Noto Sans da Andika da Charis suna da su duka, kuma gwajin mai sauƙi ne: a rubuta "ƙwarƙwara, ɗanɗano, ɓarɓashi" a kowane wuri da rubutu zai fito, a duba a waya. Saƙon tes kuma nasa na kuɗi ne. Saƙo ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ guda ta shiga, sai ya koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kawai. Sanarwar oda da a da saƙo ɗaya ce sai ta zama biyu ko uku, kuma a kan kowanne ake caji.

Dala da nauyi

Mafi yawan manhajojin nan da dala ake biya, wata-wata. Dala 10 nan, dala 15 can, ba a jin su sai an tara. A farkon 2023 dala 10 kusan naira 4,600 ce a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a Yunin shekarar, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 15,000. Ga shi a 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da dama suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa. A tsakanin nan shafuka da yawa sun lalace ba don an yi musu kutse ba, sai don kati ya ƙi biya, lasisi ya ƙare, sabuntawa ta tsaya.

Daga nan ne kasuwar fulogin na sata ta ƙara samun shiga: wanda ake sayarwa dala 60, sai ka same shi kyauta ko a kan naira dubu biyu, an cire masa lasisi. Araha ba ta ado. A 2019 kamfanin tsaro na Wordfence ya nuna yadda wata cuta mai suna WP-VCD ta bazu ta wannan hanyar kawai, wato masu shafukan ne da kansu suke saukewa suna girkawa. Na halal ɗin ma sai da kula. Rahotannin shekara-shekara na Patchstack suna nuna sama da kashi 90 na ramukan tsaro da ake ganowa a duniyar WordPress a fulogin suke, ba a WordPress ɗin kansa ba. A Satumban 2020 rami ɗaya a fulogin ɗin File Manager, wanda ke kan shafuka sama da 700,000, ya ba masu kutse damar loda duk abin da suke so. Da yawa daga cikin masu shafukan sun girka shi ne don aikin rana ɗaya, suka manta da shi.

Nauyi kuwa mai saye ne ke ɗaukarsa. Wanda ya haɗa shafin ya gwada shi a kwamfuta da intanet mai ƙarfi. Wadda za ta saya tana Gusau da ƙaramar Tecno, tana lallaɓa datar da ta saya. Kowane kayan da aka jona sai wayarta ta je wata ƙasa ta ɗauko shi, akwatin hira da taswira da hotunan Instagram da mai ƙirga baƙi, kafin ta ga farashin atamfa.

In mai kayan ya canza

Haɗarin da ya fi wuyar gani shi ne wanda ba ka yi kuskuren komai ba. Polyfill.io wata 'yar hidima ce da Andrew Betts ya fara lokacin yana aiki da jaridar Financial Times, tana taimaka wa tsofaffin burauza su iya buɗe sababbin shafuka. Layi ɗaya ake liƙawa, kuma shekaru ana amfani da ita lafiya. A Fabrairun 2024 wani kamfani mai suna Funnull ya sayi adireshin. Betts ya fito ya ce kowa ya cire. Kaɗan ne suka ji, don yawancin masu shafukan ba su ma san layin yana jikinsu ba, a cikin wani fulogin ko samfurin shafi ya zo musu. A Yunin shekarar kamfanin Sansec ya bayyana cewa adireshin ya fara karkatar da masu waya zuwa shafukan caca, kuma shafuka sama da 100,000 ne ke ɗauke da shi. An tsara kod ɗin yadda zai yi lamo in ya gane mai gudanar da shafin ne ke dubawa.

Kafin wannan, a Fabrairun 2018, an yi irinta da Browsealoud, manhajar da ke karanta wa makafi da masu raunin gani abin da ke shafi. Aka cusa mata kod ɗin da ke sa kwamfutar baƙo haƙar kuɗin kirifto na Monero, shafuka sama da 4,000 suka kamu a yini guda, ciki har da na kotunan Amurka da na ICO, hukumar nan da daga baya ta ci Ticketmaster tara.

Wani lokacin kuma ba ɓarawo, manya ne ke faɗa. A 2019 Shopify da kamfanin tallan imel na Mailchimp suka saɓa a kan wa ke da iko da bayanan kwastomomi, manhajar da ke haɗa su ta daina aiki a watan Mayu, 'yan kasuwa suka shiga neman hanyar zagaye, har sai da suka shirya a 2021. A Satumban 2024 rigimar Mullenweg da kamfanin ajiye shafuka na WP Engine ta kai ga an toshe wa WP Engine hanyar rumbun WordPress. Ranar 12 ga Oktoba aka karɓe fulogin ɗinsu na Advanced Custom Fields, mai shafuka sama da miliyan 2, aka sauya masa suna zuwa Secure Custom Fields, har sai da wata kotu a Kalifoniya ta ba da umarnin a mayar a Disamba. Google ma ya rufe tsohon Analytics ranar 1 ga Yulin 2023, ya kuma ɗauke tsofaffin alƙaluman bayan shekara guda. Har yau akwai shafukan da ke ɗauke da lambar tsohon Analytics ɗin mai farawa da UA, tana nan tana ƙara nauyi ba ta ƙirga kowa.

Bayanan mutane

Meta Pixel yana gaya wa Facebook wanda ya shigo, da abin da ya duba, da maɓallin da ya danna, don a bi shi da talla. Ga mai atamfa wannan ciniki ne. Amma a Yunin 2022 kafar The Markup ta gano shi a shafukan 33 daga cikin manyan asibitoci 100 na Amurka, yana aika bayanin masu neman ganin likita. Ba wanda ya zauna ya ƙudurta tona asirin marasa lafiya, wani ne a sashen talla ya liƙa kod a dukkan shafuka, kamar yadda umarnin girkawa ya ce. Asibiti ko makaranta ko ƙungiyar agaji a nan gida da ta ba wani kwangilar shafi tana iya kasancewa a wannan hali ba ta sani ba.

A Turai abin ya kai ga wata kotu a Munich, a Janairun 2022, ta sa mai wani shafi ya biya baƙo yuro 100 saboda shafin na ɗauko haruffa daga Google, wanda hakan ke miƙa adireshin intanet na baƙon ba da izninsa ba. Najeriya ma tana da doka yanzu. Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ranar 12 ga Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora nauyi a kan wanda ya tara bayanan, ta ce in aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72, kuma tara na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe bayanai. Cewa "ai fulogin ne ya yi" ba zai fitar da mai shafi ba.

Da sunan wa aka buɗe?

Duk abin da aka lissafa a sama, wanda ya fi kashe shafuka a wajenmu bai kai su fasaha ba. Yaron da ya haɗa shafin, don ya sauƙaƙa wa kansa, da imel ɗinsa ya yi rajistar sunan shafin, da shi ya buɗe Analytics, da lambar wayarsa ake samun lambar tabbatarwa, wani lokacin har asusun karɓar kuɗin. Ba da mugun nufi ba, Hajiya ce ta ce ba ta son wahala. Bayan shekara ya tafi bautar ƙasa, ko ya canza layi, ko sun saɓa a kan cikon kuɗi. Ranar da rajistar sunan ta ƙare, ko ake bukatar sa layukan SPF ɗin nan, sai a tarar mai shago ba ta da hanyar shiga kayanta.

Gyaran ba shi da tsada. Kowane asusu a buɗe shi da imel ɗin kasuwancin da lambar mai shi, sannan a gayyato mai haɗawa a matsayin ma'aikaci. Paystack da Shopify da Wix da WordPress da Google Analytics duk suna da wannan tsarin, kuma ranar rabuwa suna ɗaya za a goge. A kuma samu takarda guda, ko a bayan littafin ciniki ne, a rubuta kowane kayan da aka jona: sunansa, aikinsa, nawa ake biya, yaushe zai ƙare, da wane imel aka buɗe. Shafin biyan kuɗi a bar shi da abin biyan kuɗi kawai. Ƙa'idar kamfanonin kati ta PCI DSS ma, tun ƙarshen Maris ɗin 2025, ta wajabta wa waɗanda abin ya shafa su riƙe jerin duk kod ɗin da ke gudana a wannan shafin da dalilin sa shi.

Cirewa ma aiki ne mai matakai. A WordPress, kashe fulogin bai fitar da fayilolinsa daga shafin ba, kuma ramin da ke cikinsu yana iya zama a buɗe, sai an goge shi ɗungurungum. A Shopify, tsofaffin manhajoji kan bar layukansu a cikin samfurin shafin bayan an sallame su, sai an bi an tsince da hannu. In da kod aka liƙa, a koma inda aka liƙa a share. In da mabuɗi aka haɗa, a shiga wajen mai kayan a soke mabuɗin, a dakatar da biyan wata-wata, a kuma rubuta musu a nemi su goge bayanan kwastomomin da suka riga suka kwasa. Kafin a taɓa ko ɗaya daga ciki, a ɗauki kwafin shafin gaba ɗaya a ajiye a wani wuri daban, sannan bayan an gama a sayi abu mafi arha a kantin da katin gaske, a tabbatar oda ta shigo kuma rasit ya isa.